Burtali da Ilmin Tofoloji

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta da damina zai ga gona na bin gona, gero da dawa da gyaɗa, da wuya ya hangi saura. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi nazarin wannan karkara cikin shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa mafi yawan ƙasar da ke kewaye da Kano nome ta ake yi kowace shekara ba hutu. Shanu kuwa ba su da mabi sai burtali, wanda akan yi wa shinge da aguwa.

A cikin wannan burtali akwai darasin lissafi. Tofoloji reshe ne na lissafi wanda bai damu da tsawo ko faɗi ba. Abin da yake tambaya shi ne: me ke kusa da me, kuma me ke haɗe da me? Bajamushe Felix Hausdorff ne ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a littafinsa na 1914.

A wannan ilmi, ana ce wa yanki buɗaɗɗe idan duk inda aka tsaya a cikinsa ana iya ɗan gusawa ta kowace fuska ba a fita ba. To, amma "kowace fuska" a wurin wa? A ɗauki saniyar da ta raɓu da shinge. A wurin mai awon ƙasa a bakin iyaka take, taku ɗaya ta faɗa gona. A wurin garke kuwa, wanda burtali ne iyakar duniyarsa, gonar ba ta cikin lissafi, don haka duk inda saniyar ta gusa tana ciki. Watau burtali buɗaɗɗe ne a kan kansa, amma ba buɗaɗɗe ba ne a cikin karkara. Haka lambobin da suka tashi daga 0, har da ita 0 ɗin, suka tsaya kafin 1/2: buɗaɗɗu ne a tsakanin 0 da 1, amma ba a kan dukan layin lambobi ba.

Batun haɗuwa ya fi wannan zafi. Karkara dunƙulalliya ce, daga ko'ina ana iya zuwa ko'ina. Amma yanki ba ya gadon wannan hali dole. Idan manomi ya ci taku goma na burtali ya shuka, makiyaya da mashaya sun rabu, ko da yake abin da aka rage bai taka kara ya karya ba. Mai lissafin eka zai ce ba a yi asara ba. Makiyayi ya san an yi. Daga nan shanu ke faɗawa gona, sai magana ta kai gaban dagaci.

Da kaka ta wuce, aka kwashe amfani, aka saki gonaki don kiwo da taki, sai wuraren nan biyu su sake haɗuwa, alhali ba wanda ya gusa. Filin da suke ciki ne ya sake. Nazarin halin yanki ta yadda yake zaune cikin babban fili shi ne abin da Barashe Alexander Arhangel'skii ya tattara a wata maƙala ta 1996.

Malami na iya sa ɗalibai su zana taswirar ƙauyensu sau biyu, ta Agusta da ta Janairu, su shafa launi a duk inda saniya ke iya takawa, sa'an nan su ƙirga gida nawa launin ya rabu a kowace.