Burtali da rijiya: makiyayi ma yana da haƙƙi

Kai mai karatu, in ka shiga kasuwar Bonkuku, tsaya ka saurara. Za ka ji Zabarmanci, ka ji Hausar Kurfai, ka ji Buzanci da Fulatanci. Duk ƴan ƙasa ɗaya ne. Amma yawansu ba ɗaya ba ne. Manoma sun fi yawa. Makiyaya, wato Fulani da waɗansu Buzaye, kaɗan ne, kuma ba su zama wuri guda. In ana rabon fili, sau da yawa suna daji bayan dabbobi. To, wa zai yi magana da bakinsu?

Dubi Dallol Boso. Ruwa yana kusa, in ka yi gina kaɗan sai ka same shi. Shi ya sa kowa ke son wurin. Gonakin hatsi sun ƙaru. Garaken dankalin turawa, wanda Bonkuku ta yi suna da shi, su ma sun ƙaru. Wannan arziki ne, ba mai musu. Sai dai kowace shekara burtali yana ƙara matsewa. Yau wani ya ci taki biyu, baɗi wani ya ci uku. Wata rana garke ya zo, ba hanya, sai ya faɗa gona. Daga nan sai sanda da takobi.

Abin ba wasa ba ne. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, irin wanga rikici ya ci rayukan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Ranar 2 ga Maris 1993 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar karkara. Dokar ta ce makiyayi yana da wurin da ya saba komawa, inda rijiyarsa take, kuma shi ke da fifiko a nan. Amma ka lura, fifiko ne kawai. Ba shi da ikon hana wani baƙon makiyayi shayar da dabbobinsa. A 2010 aka ƙara wata doka ta kiwo. Ita ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma gwamnati ce za ta kare shi. Burtali na jama'a ne. Ba a noma shi, ba a sayar da shi, ko mai gari ba shi da wannan iko.

Manomi fa? Shi ma doka ba ta manta da shi ba. Bayan girbi, hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki. Wanda ya shigar da dabba kafin ranar, ta yi ɓarna, zai biya diyya. Ana fara sulhu wurin mai gari ko sarki, kafin a kai ga alƙali.

Akwai kuma kwamitin filaye, wanda ake ce ma Kofo. Cikinsa akwai mai gari, da wakilan manoma, da na makiyaya, da mata. Su ke shata burtali, su rubuta a takarda. A ganina nan aikin yake, don doka tana Yamai, rikici kuwa yana bakin rijiya. Wani wuri wakilin makiyaya suna ne kawai, ba a kiransa taro.

Kai da ka iya karatu yanzu, je ka tambaya ko garinku yana da Kofo. In akwai, ka roƙa a nuna maka takardar burtali, ka karanta wa wanda bai iya ba.