Fastar Bincike a Taron Ƙara wa Juna Sani: Tsari da Gabatarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda manazarci zai tsara fastar bincike, ya kuma gabatar da ita a gaban masana. Ta nuna cewa fasta mai inganci magana ɗaya take ɗauke da ita, sannan ta jawo hankali ga matsalolin da suka keɓanta ga nazarin Hausa, wato baƙaƙe masu ƙugiya da karin sauti da adabin da ba ya tabbata sai an ji shi da kunne.

1.0 Gabatarwa

A manyan tarurrukan ilimi, ba kowane bincike ne ke samun gurbin karantawa a zaure ba. Akan ba wasu manazarta allo su liƙa fastar da ta taƙaita aikinsu, su tsaya kusa da ita, mahalarta na zagayawa. Da yawa kan ɗauki wannan a matsayin koma baya, alhali mai karanta maƙala yakan sami tambaya biyu ko uku ne kawai, shi kuwa mai fasta yana iya zantawa da masana ɗaya bayan ɗaya. Matasa masu neman digiri na biyu da na uku su ne suka fi cin moriyar haka, matuƙar fastar ta iya tsayar da mai wucewa.

2.0 Zaɓen Saƙo

Babban kuskure shi ne a kwashe maƙala sukutum a manna a bango. Mai karatu a tsaye yake, cikin hayaniya, ga wasu fastoci suna jiran sa. Don haka wajibi ne manazarci ya fara rubuta sakamakon bincikensa a jumla ɗaya. Idan jumlar ta ƙi fitowa, aikin bai nuna ba tukuna. A shekarar 2019, Mike Morrison, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ya yayata wani tsari da ke sanya wannan jumla da manyan baƙaƙe a tsakiyar fasta, sauran bayanai kuma a gefe. Ko ba a bi tsarinsa ba, darasin ya tabbata. Take irin “Nazari a kan Wasu Bambance-bambancen Karin Harshe” bai faɗi komai ba. Amma “Inda Bakano Ke Cewa Fara, Basakkwace Na Cewa Hwara” ya ba da misali, ya kuma buɗe ƙofar tambaya.

3.0 Tsarin Fasta

A fara duba ƙa'idar masu shirya taro dangane da girma, da ko a tsaye ake son ta ko a kwance. Takardar A0 tana da faɗin milimita 841 da tsawon 1189, A1 kuwa rabinta ce, 594 da 841. A saita wannan ma'auni a manhajar PowerPoint kafin a rubuta harafi ko ɗaya. Rubutun ciki kada ya gaza girman lamba 24, take kuma ya karantu daga nesa. A jera manufa da hanyar bincike da sakamako da kammalawa cikin ginshiƙai biyu ko uku, a rage bitar ayyukan magabata zuwa abin da ya zama dole. Gani ya kori ji: taswirar garuruwan da aka tattaro bayanai, ko jadawalin da ya jera Kananci da Sakkwatanci kafaɗa da kafaɗa, ya fi sakin layi biyar amfani.

4.0 Abubuwan da Suka Keɓanta ga Hausa

Na farko shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. Idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da samfurin rubutun da aka yi amfani da shi, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwatuna, ko su zubar da ƙugiyarsu, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Maganin haka shi ne a zaɓi samfuri irin Charis SIL ko Gentium, a mayar da aikin PDF, a buga gwaji a ƙaramar takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum bai bambanta gàrii na zama da gàarii na tuwo ba. Wasu masana kan ninka wasali, wasu kan ɗora masa gajeren layi. Kowanne aka zaɓa, a bayyana shi a ƙasan fasta, a kuma tsaya a kansa. Idan taron ya haɗa da waɗanda ba sa jin Hausa, kowane misali ya zo da fassararsa.

Na uku, waƙar baka da kirari ba sa cika a takarda, domin kiɗa da rauji sun fita. Lambar QR da ake haskawa da waya tana iya kai mai karatu ga sautin kansa. Haka nan hoton rubutun ajami ya kasance garau, tare da juyinsa a boko. Ba a sanya hoto ko muryar wanda aka yi hira da shi sai da izininsa.

5.0 Gabatarwa a Gaban Jama'a

Manazarci ya tanadi jawabin minti ɗaya ga mai wucewa, da na minti uku ga wanda ya tsaya. Ya tsaya a gefe, kada ya tare allo, kada ya karanta abin da kowa ke gani. Idan babban malami ya zo da gyara, a saurara cikin ladabi, a kare matsayi da hujja inda ya dace, a rubuta tambayar nan take. Tambayar da mutum uku suka maimaita alama ce ta giɓin da ke buƙatar cikewa kafin a aika maƙala ga mujalla.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ingancin fasta ya rataya ne a kan saƙo guda, da tsari mai sauƙin bi, da kiyaye ƙa'idojin rubutun Hausa. Ana ba sassan koyar da Hausa shawarar su riƙa sa ɗalibai gabatar da shawarar bincikensu ta hanyar fasta tun a cikin sashe, domin su ƙware kafin su fita taron waje.