Hukuncin Ruwan Indararo Da Na Kududdufi

Tun farin 1973 mutanen Kutama da ƙauyukan Gwarzo da Kabo suka san rijiya tana iya ƙafewa kafin damina ta faɗi. Yanzu da yanayi ya sauya, ruwan sama yakan sauko da yawa cikin 'yan kwanaki, sannan ya ɗauke. To, da wane ruwa Musulmi zai yi tsarki?

Malaman Malikiyya sun ce ruwan sama mai tsarki ne, mai tsarkakewa, ko da ta indararo aka tare shi a randa. Haka ruwan madatsar Challawa ta Karaye, wadda aka gama a 1992. Ruwan kududdufi kuwa, in laka ko gansakuka ce ta jirkita launinsa, alwala da shi ta inganta. In najasa ce ta sāke launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, bai halatta ba.

Amma fa ingancin alwala ba shi ne lafiyar sha ba, gama ana ɗaukar tsargiya a ruwa kwantacce. Wanda guzurin ruwansa kaɗan ne, yana tsoron ƙishirwa ga iyalinsa ko dabbarsa, sai ya shayar da su, shi ya yi taimama.