Koto, Ƙugiya da Homa: Nazarin Zaɓen Kayan Su Lokacin Bazara a Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda masunta a yankin Anka da Bukkuyum da Gummi ke zaɓen koto da kayan kamun kifi a lokacin bazara. An nuna cewa zaɓen ya dogara ne ga abubuwa uku: yanayin ruwa, da ɗabi'ar cin abincin kifi, da zurfin da yake zaune. An kuma jawo hankali ga haɗarin darmar da ake nauyaya taru da ita.

1.0 Gabatarwa

Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su ne manyan magudanan ruwan yammacin Jihar Zamfara, kuma dukkansu suna kwarara yamma zuwa Jihar Kebbi, inda suke haɗuwa da Gulbin Sakkwato. Akasarin nazarce-nazarcen sana'ar su a ƙasar Hausa sun karkata ga Sarkawan Kabi da bikin Argungu, wanda aka fara a 1934. Masuncin ƙauye irin na Tungar Daji, wanda manomi ne da damina, ba ya samun irin wannan kulawa, alhali kalmomin sana'arsa suna ɗauke da ilimi mai zurfi game da ruwa da halittunsa.

2.0 Yanayin Ruwa da Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu gulbi yakan janye, ya bar gurabe masu zurfi a tsakanin yashi. Kifi yakan taru a cikinsu, ruwan ya yi zafi, iskar da ke cikinsa ta ragu. Tarwaɗa da ramboshi suna jure wannan hali domin suna iya shaƙar iska daga sama, gaiwa kuwa takan shige cikin laka ta jira damina. Da zarar ruwan farko ya sauka, gulbi yakan gurɓace da jar ƙasa, kifi ya fara haurawa don yin ƙwai. Ke nan bazara kashi biyu ce ga masunci, kuma kowane kashi da kayansa.

3.0 Zaɓen Koto

Koto shi ne abin da ake soka wa ƙugiya ko a zuba a tarko domin jan hankalin kifi. Ana iya kasa kifaye gida uku ta wannan fuska.

Na farko, masu farauta da ido, wato giwan ruwa da tsage. Waɗannan motsi ne ke jan su, don haka ƙaramin kifi mai rai ya fi dacewa da su. Ana soke shi ta baya yadda ba zai mutu ba, a bar shi yana wutsil-wutsil. Tsage na da haƙora masu kaifi da ke datse zare, shi ya sa ake haɗa ƙugiyarsa da siririyar waya.

Na biyu, masu bin ƙanshi a ƙasan ruwa, kamar tarwaɗa da kurungu. Gashin bakinsu ne ke yi musu jagora, saboda haka tana da hanjin kaza, har ma da gutsuren sabulu, suna kama su, musamman da dare ko a gurɓataccen ruwa. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko ma koto ne mai kyau.

Na uku, masu cin tsirrai da ƙananan halittu, kamar karfasa. Dusa ko ɓarzajjen hatsi a cikin tarko ya fi ƙugiya tasiri a kansu.

4.0 Kayan Aiki da Dabaru

Fatsa ita ce sanda da zare da ƙugiya ɗaya. Tsawon zare tsakanin abin da ke yawo a sama da ƙugiya shi ke tantance zurfin koto, kuma wanda ya rataya koton tarwaɗa a tsakiyar ruwa zai wuni bai kama ba. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa marasa koto, ana shimfiɗa ta kusa da ƙasa ta sarƙe kifin da ya gifta. Birgi taru ne da ake jefawa ya buɗe, darmar bakinsa ta nutsar da shi. Yana son wuri marar itace. Gura tarko ce da ake danganta asalinta ga masuntan Mali. Homa, wadda Kananci ke kira koma, ita ce ta su na gayya, lokacin da Sarkin Ruwa ya buɗe gurbi. Karin maganar nan "kifi na ganinka mai jar koma" ta nuna Bahaushe ya daɗe da sanin cewa a ruwa mai haske kifi yana gudun abin da ya gani. Wannan ne dalilin fifita asubahi da almuru kafin ruwan farko.

5.0 Guba da Darma

Taruwar kifi a gurbi ɗaya kan sa wasu zuba magimfa ko maganin ƙwari, abin da ke kashe manya da ƙanana, ya kuma ɓata ruwan sha. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta haka. Batun darma kuwa ya fi shafar wannan yanki. A 2010 gubar darma daga sarrafa duwatsun zinari ta hallaka yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum, kuma Tungar Daji na cikin ƙauyukan da abin ya shafa. Narka darma a tsakar gida don yin nauyin birgi, ko matse ta da haƙori, ƙofa ce ta daban ga wannan guba. Dutse ko gasasshen yumɓu ko ƙarfe suna iya maye gurbinta a fatsa da mamari.

6.0 Kammalawa

Zaɓen kayan su da bazara ilimi ne mai tsari, wanda ke tattare cikin kalmomi irin su koto da mamari da homa. Akwai buƙatar manazarta su tattara waɗannan kalmomi a karin harshen Zamfarci, tare da bayanin aikin kowanne, tun dattawan da suka san su suna raye.