Ai Rim Ɗaya Ne, Oga

Shekaranjiya da la'asar janwe ya sauke wata Corolla a bakin garejinmu a nan Idu. Gefen dama ya lotse, gilashin gaba ya tsage, ga takalmin yaro wari ɗaya a ƙarƙashin kujerar baya. Ban tambayi ko ta wane ne ba. Tayar gaba ta dama na kalla na gane ta, domin kwana tara da suka wuce da hannuna na auna ta.

Mai motar kabu-kabu yake yi, yana kwasar fasinjojin jirgin ƙasan Kaduna daga tashar Idu zuwa Karmo da Life Camp da Jabi. Ran nan ya zo yana kukan mota tana ja masa hagu, kafaɗarsa har ta gaji da riƙon sitiyari, in yi masa alaimen. Kafin in ɗora ta a inji na zagaya ta yadda na saba. Tayoyi uku 195/65 R15 ne. Ta huɗun, gaba dama, 205/70 R15 ce 'yar Kwatano, an shafe ta da mai tana ƙyalli kamar amarya. Na goge gefenta da tsumma na karanta: 2317.

Na ce, "Malam, wa ya saka maka wannan?"

Ya ce tasa ce ta fashe da dare, wani mai faci a bakin hanya ya sayar masa da ita. "Ai rim ɗaya ne, Oga. Sha biyar ce, ta shiga daidai."

Na ɗauko ma'auni na nuna masa da idonsa. Ta fi 'yar'uwarta ta hagu tsayi da fiye da santimita uku. Na ce masa ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, haka motarsa take tafiya. Ko sau goma na yi alaimen ba za ta daina ja ba, kuma ranar da ya taka birki da ƙarfi ba tare za su kama kwalta ba. Ga shi tun 2017 aka yi ta, robar ta bushe ƙamas. Na ce in ma babu kuɗin sabuwa, ya sauko da safayarsa mu saka yau. Safayar babu iska, babu zane, sumul kamar tafin hannu.

Ya yi dariya. Ya ce mu masu inji haka muke, sai mun kai mutum shagon abokinmu. Ya ce in yi abin da ya kawo shi kawai. Na ƙi. Ya ja motarsa yana mita, na ji daga baya ya samu wanda ya karɓi kuɗinsa ya juya masa tayarod, sitiyari ya miƙe a ido, ya tafi yana murna.

Ranar da abin ya faru ruwa aka yi. Ya ɗauko wata mata da 'ya'yanta biyu daga tasha, wani mai Keke Napep ya yanko masa a hanyar Karmo, ya danna birki. Motar ta juya da su ta faɗa kwata. Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasu, amma yaron mai shekara shida ya karye a cinya. Shi direban yana tsaye a gabana jiya, ya kasa haɗa ido da ni. Ban ce masa komai ba. Me zan ce?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wancan mai facin. Kai ka san lambar ba ɗaya ba ce, ko kuma ba ka iya karanta ta ba, duk biyun laifi ne. Ka karɓi kuɗin mutum ka tura shi kan titi da ran mutane. Sai kuma na biyun da ya ɓoye ciwon da sifana. Irinku ne ke sa a daina jin maganarmu.

Ku ma samarin Abuja ba ku tsira ba. A cire rim sha biyar a saka sha takwas da taya siririya don a burge 'yan mata, rami ɗaya a cikin Idu inda tireloli suka cinye kwalta, rim ya lanƙwashe, boris ya fara kuka, shokozoba ta bi. Taya mai faɗi fiye da kima kuma kan ruwa take yawo. Wanda ya ƙara tsayin taya, malejinsa ƙarya yake masa: yana ganin 100, yana kan 105.

Kada wani ya ce ai motata babba ce. A ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Jif ce mai tsada.

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Lambar da ke nan ita ce lambar motarka, har da yawan iska. Ba a auna iska da harbin ƙafa. Biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya iri ɗaya. Ka duba shekara kafin ka duba zane. Ka duba safaya.

Na sake faɗa: kada ka haɗa lamba biyu a gaba ko a baya, ko na kwana ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka "ai rim ɗaya ne", karɓi kuɗinka ka ƙara gaba.

Takalmin yaron yana nan a kan teburina. Har yanzu babu wanda ya zo ɗauka.