Duba na'urar sanyin tsohuwar akori-kura kafin kama hanyar Damagaram zuwa Agadas

Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut da Adarbisanat har ta kai Agadas tana da tsawon kusan kilomita 450, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da bazara ta tsananta, zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Da yawa daga cikin motocin da ke bin ta tsofaffin akori-kura ne, musamman Toyota Hilux, waɗanda na'urar sanyinsu ta sha aiki shekara da shekaru. Abin da ya kamata matafiyi ya riƙe shi ne cewa wannan na'ura daga injin take samun ƙarfinta, saboda haka wata ƙara da ake ganin ta shafi jin daɗin fasinja kaɗai tana iya tsayar da motar gaba ɗaya a inda babu inuwa balle bakanike. Don haka a Damagaram ya dace a yi binciken, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

Binciken yana farawa da kunne. A tayar da injin, a bar na'urar a kashe, a buɗe gaban motar a saurari kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin sanyi yana zagayar da shi cikin bututu. A goshinsa akwai fuli, ƙaramin kasko da bel ke juyawa muddin injin na aiki, da kuma kuloci mai aiki da maganaɗisu, wanda ke haɗa fulin da cikin kwamfuresa idan an danna maɓalli. Idan ana jin gurnani ko gurzar ƙarfe alhali na'urar tana kashe, to boris ɗin fulin ne ya cinye, kuma wannan ita ce ƙarar da ta fi cancantar a ji tsoronta, domin kashe na'urar ba ya hana fulin juyawa, idan kuwa ya ƙame zai ƙona bel ya tsinka shi. Idan sai an kunna na'urar ƙwanƙwasa ke tashi, ta kuma ɗauke da zarar an kashe, matsalar tana cikin kwamfuresa, galibi saboda ƙarancin mai. Ƙara mai tsini da ke fitowa daidai lokacin da kuloci ya kama tana nuna bel ya saki ko ya yi santsi, gyaransa kuma ba shi da tsada. Shi kuwa hucin da ake ji na ɗan lokaci bayan an kashe injin ba lahani ba ne, gas ne ke daidaita matsinsa.

A nan ne sanin irin bel ɗin motar yake da amfani matuƙa. A tsofaffin Hilux masu injin dizal irin su 3L da 5L, kwamfuresa yana da bel nasa shi kaɗai, ta yadda idan ya ƙame a hanya direba zai iya cire wannan bel ya ci gaba da tafiya da tagogi a buɗe. Yawancin waɗanda aka ƙera daga 2005 zuwa gaba kuwa bel guda ne ke juya kwamfuresa da na'urar cajin batir da famfon ruwan injin, don haka tsinkewarsa na nufin injin zai yi zafi cikin 'yan mintoci. Mai irin wannan mota bai kamata ya bar gari da boris mai gurnani ba, ko da bakanike ya ce zai kai shi ya dawo da shi, kuma ya kamata a sami sabon bel a ajiye a bayan kujera.

Bayan kunne sai ingancin sanyin. A rufe tagogi, a juya maɓallin da ke sa iskar ciki ta riƙa zagayawa, a ɗan ɗaga injin, sannan a sa ma'aunin zafi a bakin hujin iska na tsakiya. Na'ura mai lafiya takan sauko da iskar zuwa wajen digiri 10 ko ƙasa da haka, ko da yake da tsakar rana takan gaza kaiwa. Idan kuloci yana kamawa yana saki kowane 'yan daƙiƙoƙi, alamar gas ya ragu ce, gas kuwa ba ya ƙarewa sai ta yoyo, wanda ake gane wurinsa da tabon mai da ƙura ta manne masa a mahaɗar bututu. Ƙara gas ba tare da toshe yoyon ba asarar kuɗi ce. Idan kuma sanyin yana zuwa lokacin gudu ya ɓace a tsaye, to iska ce ba ta ratsa kondensa, wato faffaɗan ƙarfen nan mai siraran haƙora da ke gaban lagireto, inda gas ke zubar da zafinsa. Ƙurar hunturu da matattun fari da ƙarangiya sukan toshe shi, maganinsa kuwa wanki ne da ruwa marar ƙarfi, domin ruwa mai matsi yana lanƙwasa haƙoran. A duba fanka ma.

Batun gas yana buƙatar kulawa. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R-12 suka zo, wanda aka daina yinsa bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, aka maye gurbinsa da R-134a. Kowannensu yana da irin man da yake tafiya da shi, kuma cakuɗa su yana lalata kwamfuresa. Takardar da ke manne a gaban motar tana nuna nau'in gas da nauyin da ya kamata a zuba, kuma ƙwararren mai gyara yakan zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun da famfo na kimanin rabin sa'a kafin ya cika. Duk wanda ya kawo shawarar a zuba gas ɗin girki a guje shi, domin yana kama wuta.

A kan hanya, idon direba ya kasance a kan allurar zafin injin, musamman a wuraren da kwalta ta lalace aka koma tafiya a hankali cikin rairayi da kaya a baya, domin a lokacin ne iskar da ke shiga gaban motar take raguwa, zafin kondensa kuma yana zuba kai tsaye a kan lagireto. Da allurar ta fara haurawa sama da inda ta saba zama, a kashe na'urar har sai ta sauko. Rashin ganin ruwa yana ɗiga ƙarƙashin motar a arewacin Tanut kada ya tayar da hankali, tunda wannan ruwa daga danshin iska yake fitowa, iskar wannan yanki kuwa a bazara busasshiya ce ƙwarai.