Tsufan Roba a Cikin Mota: Darasi Daga Dashbod ɗin Fijo 504

Duk wanda ya yi tafiya a tsakanin Daura da Katsina, ko Daura da Kano ta Kazaure, a shekarun 1980 da 1990, da wuya a ce bai shiga Peugeot 504 ba, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera wannan mota a Faransa cikin 1968. A shekarar 1975 kuma kamfanin Peugeot na Nijeriya ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, inda aka yi ta harhaɗa ta har aka shiga shekarun 2000, alhali an daina yin ƙaramarta a Turai tun 1983. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, a-kori-kurarta kuma ita ke kai kaya kasuwannin Mai'aduwa da Zango. Waɗanda suka rage yanzu sun zama kayan tarihi, har wasu magada na neman farfaɗo da ta iyayensu.

Abin lura shi ne, injin irin wannan mota yakan tashi idan bakanike ya ba shi haƙƙinsa, ƙarfen jikinta ma ba ya saurin tsatsa a ƙasar Daura saboda ƙarancin laima. Abin da ke kunyata mai mota shi ne dashbod, wato allon nan na gaban direba: ya dare kamar ƙasan tafki da rani, launinsa ya koɗe, ƙananan robobin da ke kewaye da shi kuwa da an taɓa sai su ɓalle. Mene ne ya sa ƙarfe ya jure, roba ta gaza?

Abin da ake kira roba

A Hausa kalmar roba ta haɗa abubuwa da yawa: tayar mota, da bokiti, da takalmi, da rigar wayar lantarki. A wajen masana kimiyya kuwa kowannensu daban yake, sai dai duk 'yan gida ɗaya ne da ake kira polima. Polima doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya, dubbai a jere kamar 'ya'yan carbi. Ɗalibin ilimin halittu ya riga ya san wasu daga cikinsu ko da bai san sunan ba. Zaren auduga polima ne, haka sitacin da ke cikin gero, haka kuma furotin da ya gina gashi da ƙaho da fata. Bambancin kawai shi ne robar mota daga man fetur aka samo ta.

Dashbod na motocin wancan zamani hawa uku ne. Daga ciki akwai ƙashi na ƙarfe ko na roba mai tauri. A kansa akwai soso na poliyuritan, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus cikin 1937. Daga waje kuma akwai fata ta robar da ake kira PVC, wadda ita ido ke gani. Sauran tarkace, irin su ragar da iska ke fitowa da murfin akwatin ajiya, yawanci da wata roba mai tauri ake yin su, mai suna ABS, ko kuma polifirofilin.

PVC a asalinta tauri gare ta. Ita ce bututun ruwa da ake binnewa a gidaje. A shekarar 1926 wani Ba'amurke mai suna Waldo Semon ya gano cewa idan aka cakuɗa ta da wani ruwa mai maiƙo sai ta yi laushi. Wannan ruwa, da za a iya kira mai tausasawa, shiga yake tsakanin sarƙoƙin ya raba su, kamar yadda mai ke hana silin taliya manne wa juna. A fatar dashbod yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Sai dai ba a ɗaure yake da sarƙoƙin ba, zaune kawai yake a tsakaninsu, don haka yana iya fita. Matsalar daga nan ta faro.

Aikin zafi da haske

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafin Daura kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a inuwa. Motar da aka rufe a rana kuwa tarko ce: haske ya ratsa gilashi, baƙin dashbod ya shanye shi ya mai da shi zafi, zafin kuma ya rasa mafita. Saman dashbod na iya wuce digiri 70. Masana sinadarai na da wani ƙiyasi, cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin yawancin sauye-sauyen sinadari sau biyu. Ke nan lalacewar da za ta ɗauki shekaru masu yawa a Faransa, a nan cikin 'yan shekaru take kammala.

Da zafi ya yi yawa sai mai tausasawa ya riƙa tashi kaɗan-kaɗan. Hazon nan mai maiƙo da ke taruwa a cikin gilashin gaba, wanda direba ke gogewa ya dawo, wani ɓangarensa ran dashbod ne ke fita. Idan ya fita, fatar ta ƙanƙance ta yi tauri. Ga shi kuma roba ta fi ƙarfe buɗewa da tsukewa wajen sau biyar idan zafi ya sauya. Da hunturu, dare ya yi sanyi ƙwarai, rana ta yi zafi, fatar da ta riga ta bushe tana ja, ƙarfen da ke ƙarƙashinta bai bi ta ba. Wata rana sai ta tsage, galibi daga bakin wani rami ko kusurwa inda jan ya fi taruwa.

Abu na biyu shi ne hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani. Ƙarfinsa ya isa ya tsinka sarƙar polima, guntayen da suka tsinke kuma su haɗu da iskar oksijin su ci gaba da tsinka maƙwabtansu. Gilashin gaba, da yake falle biyu ne da leda a tsakani, yana tare mafi yawan wannan haske, amma na gefe yana barin wani kaso ya wuce. Robobin waje kuwa ba su da mai kare su, shi ya sa suke yin fari-fari kamar an barbaɗa musu alli.

A nan akwai kwatanci mai amfani ga ɗalibi. Wannan haske yana dukan fatar mutum kamar yadda yake dukan roba. Fata na da melanin, sinadarin da ke ba ta duhu yana shanye hasken. Masu masana'anta ma baƙin gawayi mai laushi suke zuba wa roba don wannan manufa, dalilin da ya sa taya baƙa ce ke nan. Amma fata na da abin da roba ba ta da shi: ƙwayoyinta na gyara ɓarnar da aka yi musu, saman fatar kuma yana sabuntuwa cikin kimanin wata guda. Sarƙar robar da ta tsinke ta tsinke ke nan.

Gyara

Wannan bayani shi ke raba gyaran gaskiya da na yaudara. Da yawa daga masu wankin mota kan shafa wa dashbod baƙin mai ko man birki don ya yi ƙyalli. Ƙyallin na kwana biyu ne, ƙurar hunturu ta manne, man birki kuwa cin fenti da wasu robobi yake yi. Fetur da kananzir da tina sun fi muni, domin narkar da sauran mai tausasawa suke yi su fito da shi. Haka dabarar gasa robar da ta koɗe da wuta: baƙin yakan dawo na ɗan lokaci, amma robar ta ƙara gautsi. Ruwa da sabulu mara kaifi da tsumma mai laushi sun wadatar wajen wanki.

Idan fatar ta riga ta tsage, sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Kafin a taɓa komai a cire kan batir, a kuma sa wa kowace waya alama. Wannan ne lokacin duba wayoyin, domin rigarsu ma PVC ce, shekarunsu ɗaya da dashbod. Wayar da rigarta ta bushe ta fashe tana iya tayar da gobara, kuma wannan ya fi tsagar da ido ke gani haɗari nesa ba kusa ba. Mai motar da ya kashe kuɗi a kan ado ya bar tsofaffin wayoyi a bayansa bai yi gyara ba.

Ita tsagar, a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a yanke leɓɓanta da suka tashi, a ƙwaƙule soson da ya zama gari, a cike gurbin da sabon soso. Kuskuren da aka fi yi shi ne cikewa da abin da masu gyaran bodi ke shafa wa ƙarfe. Wannan busasshe ne, ba ya lanƙwasa, bazara ɗaya ta ishe shi ya ɓalle. Abin cikewa dole ya zama mai laushi kamar abin da aka cike. Bayan an goge ya daidaita, sai mai ɗinkin kushin ya lulluɓe shi da sabuwar leda mai kauri, da gam mai jure zafi, yana ɗumama ta tana bin lungunan.

Ƙananan robobi masu tauri kuwa sai an san irinsu. ABS na narkewa a asiton, sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, saboda haka ana iya jiƙa gutsattsarinta a ciki su zama kunu a liƙe karaya da shi, a wuri mai iska, nesa da wuta. Polifirofilin ba ta jin asiton, gam ma da ƙyar yake kama ta, sai dai a narka bakin karayar da ƙarfe mai zafi a haɗe. Wanda ya karye ƙwarai a nemi madadinsa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, tare da sanin cewa na kasuwar ma tsoho ne, a lanƙwasa shi kaɗan a ji kafin a biya.

Wasu kan so su wuce gyara su ƙawata. Ƙasar Hausa na da abin da ya dace da wannan, wato fatar akuya da majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su ɗinka. Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa yana ɗaure zaruruwan furotin na fatar ya hana ta ruɓa. Ita ma tana bushewa a rana, amma tana karɓar mai idan an shafa mata, abin da tsohuwar PVC ba ta yi. Sharaɗi ɗaya ne: saman dashbod ya kasance mai duhu mara ƙyalli. Ja ko fari ko mai sheƙi yana haskawa a gilashin gaba ya kashe wa direba ido da tsakar rana. Wanda kuma ke son motar don darajarta ta tarihi, gara ya tsaya a kan baƙin da ta fito da shi daga Kaduna, ya adana tsofaffin sassan da ya cire. Kowanne aka zaɓa, sabon ma zai bi hanyar tsohon idan ba a samar wa motar rumfa ko inuwar bedi ba, da kwali a gilashin gaba, da ɗan sassauta gilasan gefe idan ta tsaya.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna bambancin robobin nan da kofin ruwa kawai. A samo gutsattsarin robobi daga garejin bakanike, a wanke su, a jefa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, a danna su don kumfar iska ta fita. Polifirofilin za ta taso, domin nauyinta kusan giram 0.9 ne a kowane santimita murabba'i mai zurfi, ƙasa da na ruwa. ABS, mai kusan 1.05, za ta nutse a hankali. PVC mai tauri, mai kusan 1.4, za ta faɗa ƙasa nan take. Idan aka narka gishiri mai yawa a ruwan, ABS za ta taso ta bar PVC a ƙasa, sai ɗalibai su bayyana dalili. Kada a gwada ta hanyar ƙonawa, domin hayaƙin PVC na ɗauke da iskar asid mai cutar da huhu da ido.

Gwaji na biyu na buƙatar haƙuri. A yanka sabuwar ledar kushin gida uku: ɗaya a ɗaure a kan rufin kwano, ɗaya a rataye a inuwa, ɗaya a ajiye cikin akwati. A farkon kowane wata ɗalibai su ninke kowanne sau 20, su rubuta launinsa da taurinsa da ranar da tsaga ta fara bayyana, daga farkon zangon karatu har zuwa ƙarshen shekara.